Gardamar Sefti na Biyar a Hayyin Ashir

Tun ranar da na dawo daga Masar ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ba. Da na zauna sai tambaya: ka ga dala, ka shiga jirgin ruwa a kogin Nilu, da gaske ne mutanen can ba sa barci? Wanda na ba labari da safe, kafin la'asar ya kai shi kasuwa ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai an canja mini ƙafa gaba ɗaya. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin yadda ya faru, duk wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa. Dala dai ta tagar mota na hango ta. Abin da na gani da kyau shi ne manyan mutane masu gemu suna neman cin kwalar juna a kan wasan da babu wanda ya taɓa taka filinsa a cikinsu.

Abu biyu suka kai ni. Na farko gwiwata ta hagu. Shekarun da na yi ina malamin wasanni a makarantun sakandare na ƙasar Haɗeja, ina gudu da ɗalibai a fili mai tsakuwa, su suka taru a gwiwar nan bayan na yi ritaya, har ta kai sai a kan kujera nake salla. 'Ya'yana suka ce lallai in je Alƙahira a duba ta. Na biyu kuwa saƙon wana ne, Yaya Garba. 'Yarsa Ummulkhairi, wadda take aikin haɗa magani a asibiti, ta kawo wani mai suna Nazifi, ɗan Ringim, da yake digiri na biyu a fannin usulul fiƙhu a can. Iyayensa sun zo gaisuwa, mutanen kirki ne, amma shi yaron sau ɗaya Yaya ya gan shi, shi ma a tsaitsaye. Ni ne waliyyinta. Yaya ya ce, "Sule, tunda Allah ya kawo tafiyar nan, ka sauka a wurinsa. Ka ci abinci da shi, ka ga kwanciyarsa da tashinsa. Abin da ka ce shi za mu yi."

Daga Haɗeja zuwa Kano motar haya na shiga, an cusa mu a baya kamar kifi a gwangwani, gwiwa a naɗe tana zogi. A Ringim mahaifiyar Nazifi ta sa aka tare motar da saƙo. A waya ta ce mini ɗan ƙulli ne. Da na leƙa sai na ga jakar bakko cike maƙil, mutum biyu suna rinjayarta: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, har da man shanu a robar fenti. Direba ya dube ni, na dubi direba. Ba a fara surukuta da mayar da kaya, don haka aka ɗaure ta a but.

Jirgin da ya ɗauke mu daga Kano rabinsa marasa lafiya ne, sauran kuma 'yan rakiya da 'yan sarin abaya. Wanda ke kusa da ni wani Alhaji ne ɗan Sabon Gari da zai je a wanke masa ido. Tun daga tashi har sauka yana ba ni labarin likitocin Masar kamar tare suka yi makaranta, sai da muka kusa sauka ya faɗa mini wannan ne zuwansa na farko.

A filin jirgin Alƙahira aka duba fasfo da katin rigakafin shawara, babu matsala. Matsalar a jakar bakko take. Wani jami'i mai gashin baki ya buɗe ƙullin daddawa, ya ja da baya, ya kira abokinsa. Suka yi ta tambayata da Larabcinsu mai gudu, ni kuwa nawa Larabcin bai wuce na salla da na gaisuwa ba. Sai na ajiye sanda, na kwatanta tukunya da hannu, na yi kamar ina burga miya, na ɗanɗana, na gyaɗa kai. Mai gashin bakin ya toshe hanci ya ce, "Yalla, yalla." Haka na shiga ƙasar Masar.

Nazifi yana jirana a waje. Dogo ne, tsaf-tsaf, cikin farar jallabiya. Ya durƙusa har ƙasa a gaban Larabawa suna kallo, ya ce, "Baffa, sannu da hanya, ya gajiya, ya ƙafar?" Ya ɗauki jakar nan shi kaɗai. Na ce a raina, to, madalla. Abu biyu kawai suka tsaya mini: hular hana-salla a kansa mai hoton wata dabba ta buɗe baki, da abin sauraro maƙale a kunnensa ɗaya. A cikin tasi na tambaye shi karatun wane shehi yake ji. Ya yi murmushi ya ce, "A'a Baffa, sharhin wasa ne. Ƙwallon Amurka. Yanzu lokacin yankan 'yan wasa ne, abin ya ɗau zafi." Na ɗauka ban ji daidai ba saboda ƙarar hon, don a garin nan direba yana danna hon ne kamar yadda mu muke numfashi.

Gidansu yana unguwar Hayyin Sabi', can sama a wani dogon bene, shi da ɗalibai biyu 'yan Nijeriya. Lif ɗin gidan ya lalace. Mai gadin ƙofa, wanda suke ce wa bawwab, ya dafa ƙirji ya ce, "Ma'alish, bukra." Nazifi ya fassara mini: a yi haƙuri, sai gobe. Har na baro ƙasar goben nan ba ta zo ba. Na hau hawa ɗaya da ƙyar, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Nazifi ya ajiye kaya, ya tsuguna ya ce in hau bayansa. Na ƙi, ya nace. Haka yaron nan ya goya ni har ƙofar ɗakinsu, yana haki, ni ina jin kunya. Ya bar mini gadonsa ya koma falo a kan tabarma. Wannan na rubuta masa shi a ɓangaren alheri, kuma har yau ban goge ba.

Zaman garin sai a hankali. Da asuba za ka ji ana dukan ƙarfe a titi kamar an zo tashin unguwa, ashe mai sayar da gas ne yake buga tukunya da sifana. Matan gidajen sama ba sa saukowa cefane, kwando suke zurowa da igiya ta baranda, mai shago ya zuba musu, su janye. Na ce da matan Haɗeja sun ga wannan da an huta da aiken yara. Maza suna sumbatar juna a kumatu in za su gaisa, amma babu mai rusuna wa babba. Mutum biyu za su yi ta ihu a titi har ka ce yanzu za a zubar da jini, jim kaɗan ka gan su suna shan shayi a teburi ɗaya. Tsallaka titi kuwa sai ka yi kalmar shahada, ka laɓe a bayan wata tsohuwa, ka bi ta.

Abinci, da safe wake, da rana wake, kuma ba sa gajiya. Akwai wani da suke kira ɗa'amiyya, ƙosai ne aka sa masa ganye ya zama kore, suna alfahari da shi kamar su suka ƙirƙiro suya. Akwai kushari: shinkafa da taliya da makaroni da wani ƙaramin wake duk a kwano ɗaya, a watsa tumatir da soyayyar albasa a kai. A gidanmu in mace ta haɗa wannan, cewa za a yi ragowar tukwane ta tattaro. Amma na ci, kuma na ƙara, gaskiya ɗaya ce. Ranar da aka kaɗa miyar kuka da daddawar nan, maƙwabcinsu Balarabe ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko wani abu ya mutu a bututu.

Likitan da aka haɗa ni da shi yana ɓangaren Giza. Nazifi ne tafinta. Bayan hoto da gwaje-gwaje, likita ya ce ba sai an yi aiki ba, allura za a yi a cikin gwiwar, sannan a yi ta gashi da motsa ƙafa na wasu makonni. Na yi hamdala. A nan ne na fara lura da wani hali na Nazifi. Likita ya faɗi wata kalma, Nazifi ya gyara masa nahawunta. Likitan ya yi dariya ya wuce, Nazifi bai wuce ba, sai da ya kawo hujja. A motar komawa ma ya yi da kwandasta a kan wace hanya ta fi kusa, har muka wuce inda za mu sauka. Yaron ba ya zagi, ba ya ɗaga hannu, amma duk maganar da aka fara sai ta ƙare a bakinsa.

Da yake gashin da safe ake yi, yammacina a sake yake. Sai Nazifi ya riƙa kai ni Hayyin Ashir, unguwar da baƙaƙen fata suka fi yawa, wai in sha iska a shagon Ammu Taha. Shago ne ɗan ƙarami, kujerun roba a waje, talabijin a maƙale a bango, ana sayar da shayi da gahawa mai citta. Ammu Taha zai yi shekara sittin, Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a bakin kogi a Sudan, tafiyar ta ƙare a nan. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, an barbaɗa mata Larabci. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Marhaba da mutanen gida. Zauna ya zol, ƙafarka ta huta." A da babban shagon kayan mota gare shi a Omdurman. Yaƙi ya tashe su, ya fito da matarsa da 'ya'ya mata da abin da hannu zai iya ɗauka. Babban ɗansa Mu'awiya yana Amurka yana tuƙin babbar mota a wani gari mai dusar ƙanƙara, kuma kulob ɗin garin nan shi ne musabbabin duk abin da zan faɗa. Ɗan ne ya koya wa uban kallon wasan, uban ya koya wa Nazifi, Nazifi ya shafa wa rabin ɗaliban unguwar.

Bari in kwatanta muku wasan, don na kalli maimaicinsa har na gaji. Ƙwallon kamar gwanda take, kuma da hannu ake ɗaukarta, amma sunan wasan ƙwallon ƙafa. Ƙarti ne kamar bijimai, kowa da hular kwano da matashi a kafaɗa. Za a jeru, a duƙa, a yi ɗan gudu, a zube a kan juna kamar buhunan gero sun faɗo daga mota. Sai a tashi a yi taro. A watse, a sake zubewa, a sake taro. Ni da na yi rayuwata ina koya wa yara cewa wanda ya taɓa ƙwallo da hannu ya jawo wa ƙungiyarsa fanareti, aka zaunar da ni ina kallon wannan.

To ko wasan ma ba a fara ba a lokacin. Gardamar a kan wa za a riƙe ne, wa za a kora. Kowane kulob yana tara 'yan wasa da yawa a sansanin horo, kafin a buɗe kaka sai ya zaftare su zuwa hamsin da uku. A cikin masu tsaron baya akwai waɗanda suke tsayawa can ƙarshen baya, su ne shinge na ƙarshe, in aka wuce su an ci. Su ake kira sefti. Biyu ne suke fara wasa, saura suna benci. Nazifi ya ce kulob ɗin ya riƙe sefti huɗu. Ammu Taha ya ce biyar. Na biyar ɗin wani ne da suke kira Dattijo, wanda ya daɗe a kulob ɗin. Na tambayi shekarunsa, aka ce ya ɗan haura talatin. Na dubi furfurata.

Kullum bayan la'asar sai a buɗe zama. Nazifi zai gyara hula ya ce, "Ammu, wannan mas'alar babu saɓani a cikinta a wurin ma'abota tahƙiƙi. Huɗu sun wadatar. Gurbin nan na biyar a ba yaron nan mai cafke ƙwallo, mai gudu kamar barewa. Albashin Dattijo kaɗai zai ɗauki matasa biyu, kuma akwai iyakar abin da doka ta yarda kulob ya kashe."

Ammu Taha zai ajiye buta ya ce, "Ya ustaz, kai lissafin watan zafi kake yi. Bari sanyi ya shigo ka ga yadda ƙafafu suke karyewa kamar kara. Ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya bugu a kai, saura biyu. Su biyun nan yara ne, ko inda za su tsaya ba su sani ba. Dattijo shi yake nuna wa kowa wurinsa. Kuma in za a buga ƙwallo sama a bi ta da gudu, wa yake fara isa?"

"Wannan ƙauli ne mai rauni. Kawo dalili."

"Dalilina bara. Ka manta yadda aka riƙa ratsa mu ta tsakiya kamar kasuwa?"

"Bara koci ne matsala, ba adadi ba. Ƙiyasinka bai inganta ba."

Sauran ɗalibai su rabu biyu, kowa da wayarsa yana karanto abin da wani Bature ya rubuta. Wani ya ce ai akwai ɗan gefe da zai iya komawa sefti in ta ɓaci. Wani ya ce wanda ya faɗi haka bai san wasa ba. A yi ta yi har a kira magariba, a je a yi salla sahu ɗaya, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Yara ne da iyayensu suke can gida suna gaya wa maƙwabta cewa ɗansu yana Masar yana haddar littattafai.

Wata rana suka ce tunda ni tsohon koci ne in raba gardama. Na ce to, amma ina da tambaya. A cikinku wa ya taɓa riƙe ƙwallon nan? Ammu Taha ya shiga ciki ya fito da guda ɗaya da ɗansa ya aiko masa, tana cikin ledarta, ko hurawa ba a gama yi ba. Na ce mai kulob ɗin ya san da zamanku a Hayyin Ashir? Wani ya ce ai suna rubuta ra'ayinsu a shafin magoya baya. Na ce ya taɓa ba ku amsa? Nazifi ya ce, "Baffa, wannan ba ya cikin mahallin niza'i." Suka juya suka ci gaba kamar ban yi magana ba.

Ammu Taha ne ya ɗan rage mini raini, shi ma ba da niyya ba. Ran nan muna zaune mu biyu kafin jama'a su taru, ya ce mini Mu'awiya ba mai magana ba ne. In ya kira waya, a gaisa, a tambayi lafiyar uwarsa, sai shiru. Ba ya son a yi zancen gida, ba ya son a yi zancen waɗanda aka rasa. "Amma in na ce masa ya labarin Dattijo, sai mu yi awa muna hira." Ya faɗi haka yana wanke kofuna, bai ko dube ni ba. Shi ke nan na gane nasa dalilin. Na Nazifi da sauran kuwa har na taho ban gano shi ba.

Ranar yankan ta faɗo ana saura kwana kaɗan in dawo. Shagon ya cika tun kafin la'asar, kowa ido a waya, kamar masu jiran sakamakon zaɓe. Can sai wani ɗalibi ɗan Zariya ya miƙe ya ce an sallami Dattijo. An riƙe huɗu, an ba yaron mai gudu gurbin.

Ɓangaren Nazifi suka kaure da tafi. Shi kuma ya miƙe tsaye a tsakiyar shagon, ya cire hula, ya fuskanci Ammu Taha da yake riƙe da tiren shayi. Ya ce, "Ammu, ka gani ko? Ba a ajiye tsoho don tausayi. Wanda zamaninsa ya wuce sai ya tattara kayansa ya ba mutane wuri. Kulob ai ba sansanin 'yan gudun hijira ba ne."

Tafin ya tsaya. Akwai 'yan Sudan a kujerun waje, na ga ɗaya ya ajiye kofinsa. Ammu Taha, da tiren a hannu, ya ce, "Tamam, ya ustaz." Ya raba shayin ga masu shi, ɗaya bayan ɗaya, har da Nazifi. Ya kashe talabijin, ya shiga ciki. Bai sake fitowa ba, 'yarsa ce ta zo ta kwashe kofuna.

A hanyar komawa na bari sai da muka sauka daga mota sannan na ce, "Nazifi, ka ji abin da ya fito daga bakinka?"

Ya ce, "Baffa, misali ne kawai. Ban nufe shi ba."

"Na yarda ba ka nufe shi ba. Amma ya same shi. Gobe ka je ka ba shi haƙuri."

"In na ba shi haƙuri kamar na janye maganata ne, alhali kulob ɗin da kansa ya tabbatar da ita. Kuma a ƙa'ida, ana duba manufar mai magana ne, ba zahirin lafazi ba."

Na ce, "Ni ban yi usulu ba. Na dai ga dattijo ya shiga ɗaki bai fito ba."

Na ɗauka maganar ta shige shi. Da muka iso ƙasan bene ya tsuguna ya goya ni kamar kullum. Muna tsakiyar hawa, yana haki, sai ya ce, "Amma Baffa, ka dai yarda huɗun sun isa."

Washegari labari ya zo cewa kulob ɗin ya sake ɗaukar Dattijo a rukunin 'yan atisaye, waɗanda ake horo da su, a kira su wasa in an rasa mutum. Wato bai tafi ko'ina ba, ko makullin akwatinsa bai mayar ba. Makonnin nan da aka yi ana tayar da jijiyar wuya, da maganar da ta kori mutum daga gaban shagonsa, duk a kan wannan ne. Ɗaliban suka buɗe sabuwar gardama a kan ko hakan yana nufin Ammu Taha ne ya yi nasara. Nazifi ya ce sam, rukunin atisaye ba ya cikin hamsin da uku. Shi kuma bai sake komawa shagon ba.

Ni na koma, ni kaɗai, ana gobe zan taho. Gwiwa ta yi sauƙi har ina iya hawa mota ba taimako. Ammu Taha ya karɓe ni kamar ba abin da ya faru, ya ƙi karɓar kuɗin gahawa. Na ce na zo ba shi haƙuri a madadin yaron. Ya ce, "La, la, kai baƙo ne, ba ruwanka." Sannan ya ce, "Kar ka kai mugun labari gida saboda ni. Lokacin da matata ta kwanta, yaron nan ne ya yi ta yawo da mu asibiti, ya bar darasinsa. Zuciyarsa fara ce. Bakin ne ba shi da birki." Na ce na ji. Ya ba ni garin gahawa da citta in kawo tsaraba, ya ce in na je in gaishe masa da ƙasar kakansa, duk da ya san Haɗeja ba Sakkwato ba ce.

Nazifi ya raka ni filin jirgi, ya durƙusa ya yi mini sallama, ya ba ni turare in kai wa Yaya. Na ce, "Maganar Ammu Taha fa?" Ya ce, "In sha Allahu, Baffa, zan duba lokacin da ya dace."

Kwana biyu da dawowata na je gidan Yaya. Ya sa aka kira Ummulkhairi, ta zauna a gefen tabarma. Na faɗi komai, ban rage ba, ban ƙara ba: goyon da ya yi mini, gadon da ya bar mini, sallarsa a kan lokaci, shaidar da abokan zamansa suka yi wa karatunsa. Sannan na faɗi likita da kwandasta, na faɗi sefti, na faɗi abin da ya gaya wa Ammu Taha da abin da ya ce mini a kan bene. Na ce ni ban ga abin da zai hana a ba shi aure ba, amma duk wadda za ta zauna da shi ta san cewa ba za ta taɓa cin gardama a gidanta ba.

Yaya ya yi dariya har da tari. Ya ce, "In dai wannan ne, ai da sauƙi. Yarinta ce. A sa rana bayan Salla."

Ummulkhairi ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baffa, ya je ya ba dattijon haƙuri?"

Na ce har na taho bai je ba.

Ta ce, "To Baba, a dakata da sa ranar. In ya je, sai a sa."

Yaya ya ce wannan wace irin magana ce, mutumin da ko saninsa ba ki yi ba? Ta ce cikin ladabi, kanta a ƙasa, ba don mutumin ba ne kaɗai. In bai iya cewa "na yi kuskure" ga wanda ya isa ya haife shi a gaban mutanen da suka ji kuskuren ba, ita ba ta ga ranar da zai faɗa mata a cikin ɗaki ba. Yaya ya dube ni yana neman taimako. Na ce ai ni waliyyi ne, kuma na ji abin da mai abin ta ce.

A daren ta kira Nazifi ta faɗa masa da bakinta. Yanzu an kusa wata biyu. Mahaifiyarsa ta aiko sau biyu tana tambayar abin da ake jira. Ɗalibin nan ɗan Zariya ya ce mini an ga Nazifi ya sauka daga mota a Hayyin Ashir, ya tsaya a tsallaken shagon, ya daɗe, sannan ya juya. Ni kuma kusan kullum sai ya turo mini saƙon murya mai tsawo. Na jiya ya fara da gaisuwa da tambayar gwiwa, ya ce ya yi nadamar lafazin ƙwarai, har na gyara zama. Sai na ji ya ce, "Sai dai Baffa, ya kamata a bambance tsakanin lafazin da asalin mas'alar, domin in ka dubi wasannin da aka yi zuwa yanzu da sefti huɗu..." A nan na kashe.

Shaddar da na saya don bikin tana wurin tela. Da safen nan ya tare ni yana ba ni haƙuri wai aiki ya yi masa yawa. Na ce ya bi a hankali, ya fara gama na masu sauri.